Karatun Zuciya a Birnin Shehu

A cikin Infaƙul Maisuri, littafin da Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, akwai wani ɗan bayani game da mahaifinsa wanda masu karatu kan tsallake don su yi saurin isa ga labarin yaƙe-yaƙe. Bello ya ce idan mahaifin nasa, Shehu Usmanu, zai fita wa'azi, jama'a na zaune suna jiransa, yakan dakata shi kaɗai na ɗan lokaci, ya yi wata magana ƙasa-ƙasa, sannan ya fita. Da ya tambaye shi, sai Shehu ya gaya masa niyyarsa yake sabuntawa, yana ɗaukar wa Ubangijinsa alkawarin yin abin dominsa, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da masu sauraro. Daga nan sai ya fito da sakin fuska, ya yi sallama, ya zauna. A cikin taron akan sami waɗanda in an ce a yi shiru ba sa yi, in an ce tambaya ta isa ba sa dainawa, amma Bello ya ce bai ga Shehu ya ƙosa da su ba.

Wannan dakatawar ba halin mutum ɗaya ba ce kawai. Tarbiyya ce da Sakkwato ta rayu a kanta tun kafa birnin a 1809, kuma mu da muka tashi a cikin ganuwa a shekarun 1970 mun riski sauranta a hannun kakanninmu.

A wurin mutanen nan gyaran zuciya fanni ne na ilimi, ana durƙusawa gaban malami a karanta shi kamar yadda ake karanta tsarki da rabon gado. Tun a Degel, bayan tauhidi da fiƙihu, Shehu kan shiga bayanin halayen da ke halaka mai su: jiji da kai, girman kai, hassada, fushi, rowa, riya, son girma, dogon buri da munana zato. Sai kuma ya kawo masu tsirarwa, irin su tuba, ikhlasi, haƙuri, tawakkali da yarda da hukuncin Allah. Kowane ciwo ana faɗin mafarinsa, da alamarsa, da yadda ake maganinsa. Shehu ya bar Ɗariƙul Janna a kan wannan fanni, ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya bar Tahzibul Insan, kuma dukansu sun ɗebo da yawa daga Imam Gazali mai Ihya'u, wanda ya rasu a 1111. Wanda bai yi zurfin karatu ba ma bai rasa rabonsa ba. Ahalari, ɗaya daga littattafan farko da yaro ke ɗauka a zaure, kafin ya kai ga alwala sai ya bi ta kan tuba da tsare harshe da nisantar hassada da riya. Idan an zo babin salla kuma sai a tarar natsuwa tana cikin farillai: dole gaɓoɓi su tsaya cik a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Wato tun yaro bai balaga ba an koya masa cewa akwai aikin da gaggawa ke ɓata shi ɗungurungum.

Kada a ɗauka zaman lafiya da ƙoshi ne suka ba su sukunin wannan karatu. Jama'ar da ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804 ta sha yunwa da annoba da gudu daga wannan sansani zuwa wancan. A Tsuntsuwa, ƙarshen wannan shekarar, an ce kimanin mutum 2,000 aka kashe musu, 200 daga ciki mahaddatan Alƙur'ani ne. A shekarar da ta biyo aka sake yi musu ɓarna a Alwasa. Abdullahi kansa, wajen 1806 zuwa 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mayaƙa, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sannan ya komo. Babban malami ne, jarumi, amma zuciyarsa ta yi nauyin da sai da ya janye jiki, ya koma ga karantarwa da rubutu, kafin ya iya ci gaba. Ban taɓa jin Basakkwacen da ya ɗauki wannan a matsayin rauni ba.

Wadda ta fi kowa kai wannan ilimi inda ake tsananin bukatarsa ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu. An haife ta a 1793, saboda haka tana 'yar shekara goma sha ɗaya ko ƙasa da haka ta taka hanyar hijira da ƙafarta. Da yaƙi ya lafa, ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sun cika da matan da suka rasa mazaje da 'ya'ya, da kuma waɗanda aka kamo daga Gobir da sauran wurare aka raba su da danginsu. Abin da da yawansu suka sani na rage raɗaɗi shi ne bori, wanda a Gobir Inna ce shugabarsa. Asma'u ta fahimci cewa hana mace bori ba ya ɗauke mata abin da ke kai ta can. Sai ta kafa 'yan taru. A kowane yanki akan zaɓi dattijuwa mai hankali, Asma'u ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle. Jaji ce ke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata, su tako zuwa wurin Nana, su zauna kwanaki suna ɗaukar karatu a waƙe, su koma gida su koya wa matan aure da ba su iya fitowa. Cikin abin da suke ɗauka akwai gajeriyar waƙar da ta tattara sunayen surori 114, akwai wadda ta jero mata salihai na da da na zamaninta don a yi koyi da su. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tara surori da addu'o'in da ake karantawa a kan ciwo da tsoro da damuwa da naƙuda.

A duba hikimar da ke ciki. Macen da ba ta iya karatu ba, ba ta da littafi, ba ta da lokacin kanta, an ba ta abin da za ta riƙa maimaitawa tana daka, tana kaɗi, tana goyo. An kuma ba ta 'yan'uwa da za ta yi tafiya tare da su, da babbar da za ta kai wa kuka. Asma'u ba ta ɓoye nata baƙin cikin ba: ta yi wa Bello marsiyya da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu. Daga gare ta matan Sakkwato suka koyi cewa mumini na zubar da hawaye, abin da ake tsarewa shi ne harshe. Bayan rasuwarta a 1864 ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin, kuma har a ƙuruciyarmu, in rani ya yi, mukan ga ayarin mata daga ƙauyuka sun nufi Hubbaren Shehu, jaji na gaba da malfarta.

Labarin Waziri Buhari ma yana cikin wannan babi. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Buhari ya komo birni don kada a bar talakawa ba mai tsaya musu, amma hankalinsa ya ƙi kwanciya, yana tsoron ko ya saɓa wa Allah. Bai haɗiye abin shi kaɗai ba. Ya kai damuwarsa ga malamai, ya saurari hujjojinsu, sannan ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayyana abin da ya yi da abin da ya ji a ransa. Ɗansa ne Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya rayu har 1997, kuma duk wanda ya taɓa ganinsa ya san yadda natsuwa ke zama a fuskar mutum.

To yaya wannan ya kasance a rayuwar talaka, majemi ko baduku ko ɗan kasuwa, a unguwanni irin su Gidaɗawa, Marina, Takalmawa da Rijiyar Ɗorowa? Abin da na gani shi ne, an gina natsuwar a cikin yinin kansa. Dattawa kan tashi kafin assalatu. Bayan sallar asuba ba a zabura a fice. Kowa na nan inda ya sallame, carbi a hannu, har gari ya waye rana ta ɗaga. Baƙadire na jan wuridinsa, Batijjane na yin laziminsa na istigfari 100, salati 100, hailala 100, wanda ba ya ɗariƙa kuma yana tilawa ko yana bin Dala'ilul Hairati. Ba a jin hayaniya, don zikirin Sakkwatawan da ba na ɗaga murya ba ne, bandiri kuwa a Kano ya fi shahara a hannun Malam Nasiru Kabara. Mutum ba ya haɗuwa da kasuwa da rigimarta sai ya riga ya yi kusan awa guda yana zaune wuri ɗaya yana maimaita abu ɗaya.

Da rana ta take, musamman a watan Afrilu da zafi ke haura awo 40, gari kan yi tsit, a yi ƙailula. Tsakanin magariba da lisha kuma ba lokacin yawo ba ne: manya na zaure gaban malami, kowa da littafinsa yana jiran a zo kansa, yara na gefen wuta da alluna. Jiran nan kansa horo ne, domin mai karanta Ahalari na zaune yana sauraren mai Risala da mai Muhtasar har layi ya iso gare shi. Daren Juma'a a wasu gidaje a raba Ishiriniya. Hatta gaisuwarmu mai tsawo, da ake tambayar kwana da gajiya da iyali da zafi ɗaya bayan ɗaya, tana tilasta wa mai gaggawa ya sassauta kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Yawancin sana'o'in ma hannu ne ke aiki, baki na sake. An ruwaito cewa Shehu da kansa tufkar igiya yake yi ya ci abinci, kuma na ga madunka da masaƙa da yawa da leɓunansu ba sa hutawa da salati.

Fushi kuwa yana da nasa tsarin. Na tuna wani magidanci da ya faɗo zauren kakana yana huci, a kan indararon maƙwabcinsa da ke zubo ruwa a gindin katangarsa.

"Zamna tukuna, ɗana," in ji tsohon.

"Allah shi gafarta Malam, ba zama yak kawo ni ba."

"Awo, na gani. Ga buta nan, tahi ka yi alwala, ka komo in ji mi af faru."

Ya tafi yana gunaguni. Kafin ya dawo kakana ya sa an kawo fura. Mutumin ya zauna, ya sha, ya faɗi ƙararsa, kuma ƙarar tana nan yadda take, ba a ce ya janye ta ba, washegari ma aka je aka duba katangar aka gyara indararon. Abin da ya ragu shi ne zagin da ya zo da shi a baki. Wannan ba dabarar kakana ba ce, koyarwar Annabi (SAW) ce cewa mai fushi ya nemi tsari, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya kuma taɓa ruwa. Tsohon yakan ce zuciya kamar ruwan gulbin Rima ce da damina: in ka ɗebo ka sha nan take laka za ka sha, in ka zuba a randa ka ba shi lokaci sai ka ga ƙasan randar.

Haka ma rashi. Gidan da aka yi mutuwa ba a barinsa da masu shi kaɗai. Goggonni da innoni kan tare a ɗakin, su karɓi girki, su zauna da mai takaba, wani lokaci ba tare da doguwar magana ba. In kuka ya ci ƙarfinta sai wata tsohuwa ta dafa ta, ta ce, "Yi ta salati, ɗiyata, yi ta salati," su kama tare har numfashinta ya daidaita. Wata huɗu da kwana goma na takaba ba a barin ta yini ita kaɗai. A sama can kuma akwai misalin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Da aka kashe Sardauna a Janairun 1966, gari ya ɗauki zafi, kuma dattawa har yau suna tuna yadda kalamansa da kamun kansa suka taimaka wajen kwantar da hankalin mutane.

Ba komai na wancan zamani ne abin kewa ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye hakan. Wanda ciwonsa ya wuce damuwa ya kai ga taɓin hankali sau da yawa mari ake sa masa, a kulle shi a ɗakin baya, a yi ta turare da rubutu har rai ya yi halinsa. Kalmar haƙuri ma an sha amfani da ita a rufe bakin macen da ake zalunta, alhali Shehu da kansa a Nurul Albab ya yi kakkausar magana a kan mazan da ke barin matansu cikin jahilci suna kuma yi musu wa'azin biyayya kaɗai. Haƙurin da aka karantar a littafi shi ne na abin da Allah ya hukunta. Wanda ake ɗora wa mai rauni don mai ƙarfi ya huta, wannan wani abu ne daban.

Yau masallatai sun ninka na da sau da yawa. Gari ya fice daga ganuwa ya kai Mabera, Arkilla, Gawon Nama da Runjin Sambo, kowane lungu da lasifikarsa, kuma samari masu sallar jam'i ba su ragu ba. Abin da ya ƙanƙance shi ne lokacin da ke kewaye da sallar. Liman na sallamewa, rabin sahu ya miƙe, ɗan kabu-kabu na sauri kada fasinja ya wuce shi, ma'aikaci na duba agogo. Ban zarge su ba, neman abinci ya yi tsanani. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, sannan Facebook da WhatsApp suka biyo baya, hannun da ke laluben carbi bayan sallama yanzu aljihu yake nufa. Tsakanin magariba da lisha, da ƙailula, da zaman jiran layi a zaure, duk waya ta cinye su, kuma abin da take zubo wa zuciya yawanci labarin kisa ne da gardama.

Gardamar ma ta yi mana ɓarna. Tun a 1949 da 1956 an yi tashin hankali a Lardin Sakkwato tsakanin Ƙadirawa da Tijjanawa, sannan bayan kafa Izala a Jos a 1978 muhawara ta koma kan ɗariƙun gaba ɗaya. Ba zan shiga hukunci tsakanin malamai ba. Abin da ke damuna shi ne, shekaru aka kwashe ana jayayya a kan wane wuridi ya inganta, wace ziyara ta halatta, har aka manta da babin da babu mai musu a kansa. Ba Baƙadire ko Batijjane ko ɗan Izala da zai ce hassada halal ce, ko ya ce azkar na safe da maraice ba su da asali, ko ya hana zama bayan asuba. Amma a yau yaro na iya sauke littattafai a islamiyya, ya iya kare matsayin ɓangarensu da hujjoji, ba a taɓa zaunar da shi an koya masa abin da zai yi in zuciyarsa ta tafasa ba.

Wasu matasanmu yanzu a intanet suke cin karo da darussan zama shiru da lura da numfashi. Da yawansu sun samo asali ne daga shirin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, wanda ya ciro daga zuzzurfan tunanin mabiya Buddha ya cire masa rigar addini. Likitoci na amfani da shi wajen rage damuwa da raɗaɗin ciwo. Ban ga laifin mutum ya koyi sassauta numfashinsa ba. Sai dai namu ya ɗara da abu biyu: mai zikiri ya san wanda yake ambato, kuma ba a bar shi ya yi shi kaɗai a ɗaki ba, akwai sahu, akwai malami, akwai goggo.

Inda wannan magana ta fi zama wajibi yau shi ne wurin 'yan gudun hijirar da ke cikin garinmu. Shekarun nan 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka a Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo, inda aka kai wa kasuwa hari a Oktoban 2021. Mata da yara sun kwararo Sakkwato, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. A cikinsu akwai wadda aka kashe mijinta a gabanta, akwai wadda ƙarar babur kaɗai ke sa ta zabura. Halin da suke ciki bai da nisa da na matan da Asma'u ta tarar bayan yaƙi. Bukatarsu ta farko tsaro ne da abinci da wurin kwana, wannan haƙƙi ne a kan hukuma. Amma akwai abin da ke hannunmu. Kusan kowace unguwa tana da islamiyyar matan aure. Ba abu mai wuya ba ne kowace ta ware dattijai biyu ko uku da za su riƙa zuwa wurin matan nan bayan la'asar, su saurare su, su yi karatu da salati tare, su san sunan kowace da na 'ya'yanta. Malamai kuma su koyi gane inda nasu aikin ya tsaya. Macen da ta yi kwanaki ba barci, ta daina cin abinci, ko take maganar gara ta mutu, a haɗa ta da likita, ga asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na tarayya nan kusa a Kware. A raka ta, a tabbatar tana shan maganinta, kuma in ta dawo a ci gaba da zuwa ana zama da ita.